Littafin Kwastomomi Ya Koma Waya: Wace Manhaja Za Ka Haɗa Masa?

A wannan shafi muke kawo maka taƙaitaccen abin da ya gudana a shirinmu na harkokin kasuwanci. A makon jiya mun yi bayani kan manhajar kula da abokan ciniki, wadda masana ke kira CRM. Wato dai littafin kwastomomi ne da ya koma cikin waya ko kwamfuta: sunan mutum, lambarsa, abin da ya saya, abin da ya rage a kansa, da ranar da ya kamata a sake tuntuɓarsa.

To, bayan shirin saƙonni sun yi ta shigowa daga ɓangarorin iyaka biyu, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce. Mutum ya buɗe manhajar, ya zuba sunaye, amma hira da kwastoma tana WhatsApp, kuɗi na shigowa ta wata hanya daban, lissafin kaya kuma yana cikin tsohon littafi a ƙarƙashin kanta. Me zai ƙara domin abin ya haɗu wuri guda? Amsar da muka bayar ke nan a wannan mako. Za mu riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma Hajiya mai sayar da kaya daga cikin gida, har da ke ake yi.

Fara da inda ke yoyo

A ce kana sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano, kana turawa ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa har Maraɗi. Kana da yaran shago biyu da kwastomomi kamar ɗari uku, wasu na biya da naira, wasu da sefa, wasu kuma sai kaya sun shige suke cikawa. Kafin ka sauke kowace manhaja, ɗauki biro da takarda ka zauna na mako guda. Duk abin da ya ɓace maka, ko ya jawo gardama tsakaninka da kwastoma, ka rubuta shi. Wata rana za ka ga an manta ba a kira wanda ya ce a ajiye masa turmi goma ba. Wata rana an tura kuɗi, an rasa na wane ne. Wata rana kuma ka yi wa mutum alkawarin kalar da ta ƙare tun shekaranjiya.

A ƙarshen mako ka ƙirga. Wanda ya fi maimaituwa, nan ne kwanonka ke yoyo, kuma shi kaɗai za ka nema wa manhaja a yanzu. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya sauke manhajoji biyar rana ɗaya, bayan wata guda za ka tarar ya koma littafinsa na takarda, ga kuɗin data ya tafi a banza.

Sannan ga ma'aunin da za ka riƙe har ƙarshen wannan bayani. Littafin kwastomomi shi ne uwa. Duk manhajar da za ka ƙara, dole abin da ta tara ya iya komawa cikin wannan littafi ba tare da ka zauna kana sake rubutawa da hannu ba, kuma dole ta bar ka ka kwashe bayananka ranar da ka ga dama. Wadda ta kasa waɗannan biyun, ko kyauta ce, aiki za ta ƙara maka.

Idan ba ka riga ka zaɓi ita uwar ba, akwai masu matakin kyauta. Zoho CRM, ta wani kamfanin Indiya, tana barin mutum uku su yi aiki ba tare da biya ba. HubSpot ta Amurka ita ma tana da matakin kyauta. Odoo ta ƙasar Beljiyam tana haɗa littafin kwastomomi da lissafin kaya da rasit a gida ɗaya, kuma tana aiki da Faransanci da Ingilishi. Wanda kwastomominsa ba su da yawa kuwa, shafi ɗaya mai tsari a Google Sheets ko Excel ya ishe shi farawa.

Lambar waya ita ce sunan gaskiya

Ga wata matsala da mu 'yan kan iyaka muka fi kowa fama da ita. Yaronka da ya yi boko a Katsina zai rubuta Usman. Wanda ya yi lakwal a Maraɗi zai rubuta Ousmane. Haka Musa da Moussa, Abubakar da Aboubacar. A wurin kwamfuta waɗannan mutane biyu ne. Sai ka ga bashin mutum yana ƙarƙashin suna ɗaya, biyan da ya yi yana ƙarƙashin ɗayan. Ka kira bawan Allah kana neman kuɗin da ya riga ya biya, ran dattijo ya ɓaci, cinikin shekara goma ya lalace a kan harafi biyu.

Maganin shi ne ka mayar da lambar waya abin da kowace manhaja za ta gane mutum da shi, kuma a rubuta ta da lambar ƙasa: +234 ga Najeriya, +227 ga Nijar. Lambar Najeriya da ake rubutawa da 0 a farko, idan an sa +234 sai a cire sifirin, lambobi 10 su biyo baya. Ta Nijar lambobi 8 ne. Yawancin masu tsallaka iyaka layi biyu gare su, ko fiye, don haka manhajar da za ka zaɓa ta kasance tana karɓar lamba fiye da ɗaya a kan mutum ɗaya. Ka zaɓi guda ta zama babba.

A kula da wani tarko a Excel da Google Sheets. Idan ka rubuta lambar waya kai tsaye, suna ɗaukar ta kamar adadin kuɗi: sifirin farko ya ɓace, ko alamar + ta ɓace, doguwar lamba kuma Excel ya dunƙule ta ta koma wani abu mai harafin E a tsakiya. Kafin ka fara zuba lambobi, ka saita wannan layin ya zama na rubutu, ba na lissafi ba. Aikin minti ɗaya ne, amma zai hana ka asarar lambobi ɗari.

Wajen hira

Kusan kowa a WhatsApp yake ciniki, saboda haka abu na farko da ya dace da littafinka shi ne WhatsApp Business, wadda aka fitar a watan Janairun 2018, kuma kyauta ce. Tana ba ka damar manna wa kowace hira alama, kamar "sabon kwastoma", "ya biya rabi", "kaya na hanya". Tana da wurin jera hotunan kaya da farashi, da gajerun amsoshi da ka tanada tun da wuri, da saƙon da ke fita da kansa idan ka rufe shago. Za ka iya haɗa lambar shago da wasu na'urori har huɗu, yara su riƙa amsawa ba tare da kowa ya koma amfani da layinsa ba.

Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau. Idan yaron shago yana ciniki da layinsa, ranar da kuka rabu ya tafi da kwastomominka a aljihu. Layin ciniki ya zama na shago, da sunanka aka yi masa rajista, kuma kada a bar shi ya daɗe ba a amfani da shi, domin kamfanonin waya suna karɓe layin da aka yi watsi da shi su sayar wa wani.

Amma ka san iyakarta. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda ba ya wuce mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Haka nan ita WhatsApp Business ta kyauta ba ta zuba hira cikin CRM da kanta. Haɗa su kai tsaye sai ta wani tsarin kamfanin Meta na daban wanda ake biya, kuma an fi yin sa don masu saƙonni da yawa. Ga ƙaramin shago, abin da ya fi sauƙi shi ne ɗabi'a: kowace yamma kafin a rufe, a ɗauki minti goma a duba alamomin da aka manna, a sa abin da aka yanke a littafin kwastomomi. Ba sai an kwafe hira duka ba. Abin da aka yi alkawari, nawa, yaushe. Shi ke nan.

Kuma don Allah a guji WhatsApp na jabu irin su GB WhatsApp, da manhajojin da ke cewa za su tura maka saƙo ga mutum dubu a dannawa ɗaya. Kamfanin yana rufe layukan da ke amfani da su. Idan layin shago ya rufu, hanyar da kwastoma ya sani ta zuwa wurinka ce ta toshe.

Kuɗi biyu, jaka biyu

Nan ne gardama ta fi yawa. A Najeriya kuɗi na shigowa ta banki, ko OPay, Moniepoint, PalmPay, ko na'urar POS. A Nijar ga Airtel Money da Moov Money, ga kuma kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana. Sau da yawa sunan da ke kan alat ba na kwastoma ba ne, na mai POS ne ko ɗan canji ko wani ƙaninsa. To ta yaya za ka san kuɗin wane ne bayan mako uku?

Ka ba kowane ciniki lamba, ko da mai sauƙi ce kamar 0412, ka ce wa kwastoma ya ambace ta idan zai tura kuɗi, ko ya turo hoton rasit tare da ita. A littafinka kuma, ƙarƙashin sunansa, a rubuta lambar cinikin, hanyar da kuɗin ya biyo, da lambar shaidar tura kuɗin. Kafin ka amince da kowace hanyar karɓar kuɗi a matsayin ta shago, duba ko tana ba ka cikakken bayanin shige da fice na wata a fayil da za ka iya buɗewa a Excel. Da shi za ka riƙa tantancewa a ƙarshen mako. Hoton alat kuwa ba shaida ba ne, ana ƙirƙirar na bogi. Ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin ya zauna kafin kaya su hau mota.

Manhajar lissafi ko ta rasit da za ka haɗa dole ta san kuɗi biyu. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, tun 1999. Naira kuwa tana hawa tana sauka. Saboda haka farashin canjin da kuka yi amfani da shi ranar ciniki, a rubuta shi a jikin cinikin, tare da kuɗin da aka amince za a biya bashin da shi. Wanda ya ba da kaya bashi a Wapa ana canji kaza, aka zo biya bayan wata biyu canji ya sauya, ya san irin rigimar da muke nufi. Idan manhaja ba ta da gurbin wannan, ba ta 'yan iyaka ba ce.

Ga wani abin dariya da ke iya zama na kuka. A Maraɗi ko Damagaram idan aka ce jika ɗaya, sefa 1,000 ake nufi, dala kuma sefa 5 ce. A Kano kuwa, a tsohon ƙirge, jaka ɗaya naira 200 ce. Baki na iya cewa jaka hamsin, kowa ya tafi da nasa lissafin. A cikin manhaja, a rubuta adadi da lambobi cikakku, a sa sunan kuɗin a gefe.

Su ma lambobin akwai bambanci. A tsarin Ingilishi waƙafi ne ke raba dubbai, a tsarin Faransanci kuwa waƙafi na nuna ɓangaren adadi ne. Wato 1,500 da ka rubuta a Kano da nufin dubu ɗaya da ɗari biyar, kwamfutar da aka saita da Faransanci a Birnin Ƙonni za ta iya karanta shi a matsayin ɗaya da rabi. Ku daidaita tsari ɗaya a duk na'urorin shago, ko kuwa a riƙa rubuta 1500 ba waƙafi ba komai.

Idan kana cikin masu karɓar harajin kayan masarufi, ka tabbata manhajar rasit tana barin ka saita shi da kanka, domin ba ɗaya ba ne: kashi 7.5 cikin ɗari a Najeriya tun Fabrairun 2020, kashi 19 a Nijar.

Lissafin kaya

Idan yoyon naka a wajen kaya yake, wato ana sayar da abin da babu a sito, ko kaya na ɓacewa ba a san ta ina ba, to manhajar kanta kake buƙata, mai rage adadi duk lokacin da aka sayar. Loyverse misali ce: matakinta na farko kyauta ne, tana ci gaba da karɓar ciniki ko babu intanet, sai sabis ya dawo ta aika. Odoo kuma, kamar yadda muka faɗa, tana da nata sashen kaya a haɗe da littafin kwastomomi, sai dai tana son wanda ya ɗan iya ya saita maka.

Ga mai tura kaya tsallake, akwai matsayi na uku da bai kamata a manta ba: kayan da suka bar shago amma ba su isa hannun mai su ba. Mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun kuma ga rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, wadda ta kai har Maris na 2024. Duk wanda kayansa suka maƙale a Jibiya ko Illela ko Maigatari a lokacin ya san darajar sanin kayan wa ke cikin wace mota, da nawa aka riga aka karɓa a kansu. Ka nemi manhajar da za ta bar ka ka sa "yana hanya", da lambar direba, a jikin cinikin.

Tambayoyi biyar kafin ka danna

Na ɗaya, za ta bar ni in fita? Nemi wurin da ake fitar da bayanai zuwa fayil na CSV ko Excel, ka gwada shi tun ranar farko da sunaye biyar. Kamfanonin manhaja suna rufewa, suna sauya farashi, suna janyewa daga wata ƙasa. Kayan aro ba ya rufe katara. Kowane ƙarshen wata ka fitar da kwafi ka ajiye wuri biyu.

Na biyu, tana aiki idan babu sabis? Kashe data, ka gwada shigar da ciniki. Kai da ke bin hanyar da layin wata ƙasa ke ɗaukewa kafin na ɗayar ya kama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gwada ta kuma a kan wayar yaronka mai ƙaramin ƙarfi, ba taka kaɗai ba.

Na uku, da wane kuɗi ake biya? Yawancin waɗannan manhajoji da dala suke sa farashi, kuma a kan kowane ma'aikaci, kowane wata. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ka ga ke nan manhajar dala 15 da ake biya wa kimanin naira 7,000 ta koma sama da 22,000 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ninka wannan da yawan yaranka, ka ninka da watanni 12, sannan ka yanke shawara. Ka kuma tabbata katinka na banki zai iya biya.

Na huɗu, wanda zai riƙa dannawa kullum yana gane harshenta? Idan kana da wakili a Damagaram da yaro a Kano, kana son wadda kowa zai saita harshensa, wannan Faransanci, wancan Ingilishi, bayanan kuma su zauna wuri guda.

Na biyar, zan iya raba wa kowa iyakarsa? Yaro ya iya shigar da ciniki, amma kada ya iya goge bashi ko kwashe jerin kwastomomi gaba ɗaya. Kowa da kalmar sirrinsa. Ranar da wani ya bar aiki, a rufe tasa a take. A WhatsApp kuma a kunna lambar sirri ta mataki biyu mai lambobi 6, kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka, ɓarawo ne, ko da muryar wa ya zo.

Amana ce a hannunka

Lambar mutum, adireshinsa da bashin da ke kansa sirrinsa ne ya damƙa maka. Doka ma ta san da haka. A Najeriya an sa hannu kan dokar kare bayanan mutane a watan Yunin 2023, tare da hukumar da ke kula da ita. Nijar tana da tata dokar tun 2017, da hukumar da ake kira HAPDP. Kada ka sayar da jerin kwastomominka, kada ka jefa mutane cikin rukuni ba da izininsu ba, inda kowa zai ga lambar matar wani. Wanda ya ce a daina turo masa talla, a daina. Kuma idan manhajar lissafin kaya ta nemi izinin shiga hotunanka da saƙonninka da duk lambobin wayarka, ka tambayi kanka me za ta yi da su.

Gwaji na wata guda

To mai karatu, ga aikin gida. Mako na farko ka gano yoyon. Ka zaɓi manhaja ɗaya tak, ka yi mata tambayoyin nan biyar. Ka gwada ta da kwastomomi ashirin na tsawon wata guda, littafin takarda na tafiya a gefe kamar yadda aka saba. A ƙarshen wata ka kwatanta su. Idan lissafi ya zo ɗaya, gardama ta ragu, kuma yara sun daina jiran sai ka tuna musu, to ka samu abokiyar aiki, sai a zuba sauran sunaye. Idan kuwa ka ga ana rubuta abu ɗaya sau biyu, ka fitar da bayananka ka goge ta, ba ka yi asarar komai ba sai wata guda. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake tunatar da mai bashi ta waya ba tare da an ci masa fuska ba. Wanda ya gwada wani abu daga cikin waɗannan, ya aiko mana da yadda ta kaya, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, domin wani ya amfana. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. A huta lafiya.